Wankan da na yi wa tsofaffin kwamfutocin Yaya

Kwamfuta takwas na tarar a ɗakin ajiyar da ke bayan gidanmu na gado a Tudun Wada, an jibge su kan juna kamar buhunan masara. Bakwai daga ciki na shagon kafe ne da Yayana ya buɗe a 2007, zamanin da in kana son duba imel ko cike fom ɗin makaranta sai ka je ka sayi minti talatin, ka zauna a benci kana jiran wani ya tashi. Da wayoyi masu intanet suka cika gari kasuwar ta mutu. Ya rufe shagon a 2013, ya kwaso kayan ya ce a ajiye masa na ɗan lokaci. Ta takwas ɗin kuwa ta girme su duka. Ita ce ta farko da ya taɓa saya, 'yar kwatano, tun yana buga wa mutane takardun haya da na sayen fili.

Abin da ya tuna mini da su shi ne yaran da nake yi wa darasin yamma. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma ina da yara da suka san amsa sarai, amma in ka ɗora hannunsu kan maus sai ka ga yana rawa kamar an ba su jariri sabon haihuwa. Na kira Yaya na ce, "Yaya, kwamfutocin nan naka na sito fa, da sauran amfani a jikinsu kuwa?" Ya yi dariya ya ce, "In ka iya tashinsu na bar maka. Ni dai a sanina gawa na ajiye."

Wata Asabar cikin watan Janairu, hunturu na busawa, ni da ɗan Yaya muka fito da su tsakar gida muka kwance murafen. Ƙura dai na san zan gani. Abin da ban yi zato ba shi ne kwanon ɗakin ya daɗe yana yoyo, don haka duk damina ruwa kan ɗiga kan ƙurar, rani ya zo ya busar da ita, har ta zama wani jan yumɓu da ya manne wa babban allon nan na ciki, wanda masu gyara ke kira modabod, ko bod a taƙaice. A cikin ɗaya zanzaro ya yi gini har hawa biyu a jikin ƙarfen da ke sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Wata kuma kyankyasai ne suka mayar da ita gidan haya, ko'ina kashinsu da ƙwansu. Biyu daga ciki ɓeraye suka haihu a ciki, ga yagaggun leda da tsumma, ga zarnin da ya sa yaron ya ja baya yana toshe hanci.

Waɗannan biyun ban bari an hura su ba. Zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake kama mutum, kuma da rani ya fi yawa, to ba zan tayar da busasshen kashin ɓera ya bi iska ya shiga hancinmu ba saboda kwamfutar da ta mutu tun tuni. Muka sa takunkumi da safar hannu, muka kwashe tarkacen da jiƙaƙƙen tsumma, muka goge kwangon ƙarfen da ruwan bilic. Kwangon kawai. Bilic ba ya taɓa allo, domin yana cin ƙarfen da aka yi hanyoyin wuta da shi.

Da farko busasshen buroshin fenti na sa, na bi da auduga da sipirit na kemis. Ƙurar sama ta tafi, yumɓun kuwa ko gezau. Sipirit ɗin ma sai ya ƙara shafe shi a jikin allon, ya bar wani farin tabo kamar na gumi a hula. Yaron ya ce, "Baffa, ai fetur ake sawa. Haka na ga masu gyaran waya suna yi." Na ce ya bari tukuna in yi tambaya.

Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya yi shekaru yana gyaran rediyo da talabijin tun na baƙi da fari, kowa Baba yake ce masa. Na saka allo ɗaya a leda na kai masa. Ya juya shi gaba da baya, ya kai hanci ya sansana, sannan ya ce, "Malam, wannan wanka yake so."

"Wanka da me, Baba?"

"Da me kake wanka? Ruwa da sabulu mana."

Na ɗauka zolaya ce irin tasa. Duk wanda ya taɓa jefa waya a bokiti ya san yadda ruwa da kayan lantarki suke. Da ya ga ban gamsu ba sai ya jawo wani fasasshen gilashin talabijin, ya goge shi da gefen riga, ya ɗiga ruwa kashi uku a kai: ɗaya daga butar alwalarsa, ruwan rijiya ke nan, ɗaya daga ledar fiya wata, ɗaya kuma daga wata 'yar jarka da ke ƙarƙashin teburinsa. Ya ajiye a rana muka ci gaba da hira. Kafin a kira la'asar duk sun bushe. Na rijiya ya bar farin zobe mai kauri, na leda ya bar ɗan siriri, na jarkar kuwa sai ka rantse ba a taɓa ɗiga komai a wurin ba.

Bayanin da ya yi mini ke nan a taƙaice. Ruwa tsantsa, wanda aka tace da tururi, ba ya ɗaukar wutar lantarki sosai. Gishiri da sauran ma'adinan da suka narke a cikinsa su ne ke ɗaukarta. Allon da babu wuta a jikinsa ko kaɗan, roba ce da gilashi da jan ƙarfe da dalma, jiƙa na minti goma ba ya yi musu komai. Ya ce ko a masana'anta akwai allunan da ake wankewa da tataccen ruwa bayan an gama like su da dalma. Ɓarna iri biyu ce: ruwa ya haɗu da wuta, ko kuma ruwa ya bushe ya bar gishirinsa a tsakanin ƙafafun kayan, daga baya gishirin ya janyo laima ya fara cin ƙarfe. Da na kawo maganar fetur sai ya girgiza kai. "Fitsarin ɓera gishiri ne, laka ƙasa ce. Ka taɓa ganin gishiri ya narke a fetur? Maiƙo yake wankewa, kuma yana ɓata wata robar, ga haɗarin gobara a gidan da ake girki. Ruwa abokin aiki ne, kai dai ka san ranar da za ka sallame shi."

Ruwan jarkar nan ashe ruwan batir ne, irin wanda ake ƙara wa batirin mota. Washegari na je wurin masu cajin batir na sayo lita goma. A nan ne ya kamata mutum ya buɗe ido, don ruwa iri biyu suke ajiyewa, tatacce da kuma mai asid, kuma a ido kamarsu ɗaya. Baba ya riga ya ba ni dabara: in tafi da 'yar kanwa a aljihu, in ɗiga ruwan a kanta. In ta yi kumfa tana tsuwa kamar yadda take yi in ta haɗu da tsamiya, to asid ne, in gudu. Nawa bai yi ba. Mai shagon dai ya tsaya yana kallona, ina jin ya ɗauka wani haɗin magani zan yi.

Kwance kayan ya fi wankin cin lokaci. Kafin in cire kowace waya sai na ɗauki hoto, musamman ƙananan wayoyin nan na makunni da fitilun gaba, waɗanda in ka mance mazauninsu za ka wuni kana lalube. Na cire ram, wato 'yan siraran allunan da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a cikinsu, na cire fanka da ƙarfen sanyaya, na cire furosesa. Huɗu daga cikin allunan na Pentium 4 ne masu soket (wato mazaunin furosesa) 478, inda alluran suke a jikin furosesa. Ukun kuwa masu soket 775 ne, tsarin da Intel ya fito da shi a 2004, inda aka mayar da alluran cikin soket ɗin kansa, guda 775, kowace ta fi gashin buroshi laushi. Waɗannan ko kallon banza ba sa so.

Abu mafi muhimmanci shi ne ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3, wanda ke riƙe agogo da saitin kwamfuta in an kashe ta. Ko an zare komai daga bango, muddin yana ciki akwai wuta a wani sashen allon, kuma bolt 3 ɗin nan ya isa ya sa jan ƙarfe ya fara yin kore a cikin ruwa. Na san batiran sun shekara goma sha, da wuya a sami sauran rai a jikinsu, amma na ɓamɓare su duka.

Akwai kuma abubuwan da ko kusa da baho ba su je ba. Fawa-fak, wato akwatin da ke raba wuta, yana da manyan kondensa da kan riƙe wuta mai yawa ko bayan an zare shi, shi hurawa kawai na yi daga waje. Hadis, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta, shi ma haka, tsumma kawai ya samu. Fankoki na goge su da buroshi, don in ruwa ya shiga gindinsu yana wanke man da ke ciki su fara kuka. Ɗan ƙaramin lasifikan da ke kan wasu allunan, mai yin "ƙit" in an kunna, na like bakinsa da salatif.

Sabon baho na saya na roba, da sabon buroshin haƙori mai laushi da na fenti. Ban ari na wanke-wanken gida ba, saboda allunan da aka ƙera kafin 2006, shekarar da dokar Turai ta taƙaita amfani da gubar dalma a kayan lantarki, akasarinsu da ita aka like su. Ruwan da na yi wankin da shi ma ban zubar inda kajin Hajiya ke kiwo ba.

Hajiya kuwa tana zaune a kan tabarma tana tsintar wake lokacin da na zuba ruwa mai ɗumi a bahon, na ɗiga sabulun ruwa na wanke kwanuka kamar ɗigo biyar, na ɗauki allon farko na nutsa shi. Ta ajiye faifan ta ce, "Kai, lafiyarka kuwa? Kayan ɗan'uwan naka za ka jiƙa kamar tsummokara?" Na ce, "Hajiya, Baba mai rediyo ne ya ce a yi haka." Ta ce, "To, Allah ya kyauta. Boko dai bai ƙare ba." Ni kaina a lokacin gabana faɗuwa yake. Sanin abu a kai daban, ganin allon kwamfuta yana kumfa a cikin baho daban.

Sabulun gari na wankin tufafi ban yi amfani da shi ba, yana da gishirin sinadari da yawa kuma yana da wuyar ɗaurayewa. Wankin farko da ruwan burtsatse na yi, don ruwan batir ba zai isa a yi ta ambaliya da shi ba. Na bar allon ya jiƙa kamar minti biyar har yumɓun ya saki, sannan na bi shi da buroshin fenti a hankali, daga tsakiya zuwa gefe. Buroshin haƙori na lungu ne: ramukan ram, dogayen ramukan kati, tsakanin kondensa, gindin mashigan baya inda ake soka kibod da monita. Nan da nan ruwan ya koma kalar kunun kanwa. Ƙafafun kyankyasai suka taso sama. A hankali koren allon ya fara bayyana, har da ƙananan fararen rubuce-rubucen da ke gefen kowane ɗan ƙarfe, waɗanda ban san ma suna nan ba. Wannan wurin yana da daɗi, ba zan ɓoye ba. Irin daɗin da mutum kan ji ne in ya wanke tsohon babur ya ga ainihin fentinsa.

Daɗin ne ya ja ni na yi kuskuren farko. A allo na biyu hannuna ya zarce, buroshin haƙori ya shafi cikin soket 775 ɗin. Sau ɗaya tak. Da na ɗaga shi a rana sai na ga wani ɗan wuri yana ƙyalli daban da sauran, allura uku sun kwanta. Daga baya na kwashe kusan awa guda da allurar ɗinki da madubin ƙara girma na Baba ina tayar da su ɗaya bayan ɗaya, numfashi ma a hankali nake yi. Sauran biyun ban ƙara kai buroshi wurin ba, ruwa kawai na riƙa kwarara musu.

Ɗauraya sau uku na yi. Biyu da ruwan burtsatse har sai da na daina ganin kumfa ko jin santsi, ta ƙarshe da ruwan batir, ina zuba shi da sabuwar buta ta kowace kusurwa, allon a tsaye, don ya kore ruwan burtsatsen da duk abin da ke cikinsa. Sai na riƙe allon da hannu biyu na kaɗa shi sosai, na bi shi da bulowar da na aro wurin wani mai gyaran janareto. In ka kai bakin bulowa ramin ram sai ka ga ruwa na tsartuwa ta ɗaya gefen, ka ɗauka ya ƙare, ka juya allon ka sake hurawa, wani ya sake fitowa. A ƙarshe na zuba sipirit mai ƙarfi, irin mai kashi 99 cikin 100 da masu kayan gyaran waya ke sayarwa, a cikin ramukan da ƙarƙashin manyan cif-cif, wato 'yan fale-falen lantarkin nan masu kusurwa huɗu da aka like a kan allon. Shi yana gauraya da ruwa ya fito da shi, kuma yana saurin bushewa. Na kemis sau da yawa da ruwa a cikinsa, wani ma har da launi.

Yanzu ga inda na yi asara. Allo na uku, mai ɗauke da furosesa Core 2 Duo, shi ne mafi sabunta a cikinsu kuma shi na fi sa wa rai. Na wanke shi da yamma, na jingine shi a ƙarƙashin fanka ya kwana. Da safe na taɓa ko'ina, ƙayau. Iskar hunturu da ke busar da wanki cikin awa guda, ina ga ɗan allo? Baba ya ce kwana uku aƙalla, amma na ce a raina tsofaffi dai da son jan abu. Na mayar da furosesa da ram, na soka babbar wayar fawa-fak mai baki 24 da ƙaramar mai baki 4, na jona a bango. Ko makunni ban kai ga taɓawa ba na ji "tas", sai wani siririn hayaƙi da warin ƙonanniyar roba. Ashe da zarar an jona fawa-fak a bango akwai bolt 5 da ke shiga allo yana jiran a kunna. Da na karkata allon, sai ga ɗigon ruwa ya gangaro daga ƙarƙashin wani babban cif.

Na koma wurin Baba da shi kamar yaron da ya fasa tulu. Bai yi mini faɗa ba. Ya nuna mini gefen cif ɗin da madubi: irin waɗannan ba su da ƙafafu a gefe, a kan ɗaruruwan 'yan ƙwallayen dalma suke zaune, tsakaninsu da allon bai kai kaurin farce ba. Ruwan da ya shiga nan iska ba ta kai gare shi, sai ya ga dama yake fita. Ya miƙo mini allon ya ce, "Sauri ya haifi nawa. Ajiye shi, ka samu na cirar kaya."

Sauran sai na bi su yadda aka ce, har da ƙari. Yaron ya kawo shawarar a binne su cikin shinkafa, na ce da tsadar shinkafar nan Hajiya za ta kore mu daga gidan, kuma ba ta janyo ruwan da ke ƙarƙashin cif, garinta ma take bari a ramuka. Shanya a tsakar gida ma ba ta yiwu ba, domin ƙurar da na wanke ita ce dai ke yawo a sama tana neman wurin sauka. Sai na jera su a tsaye a jikin bango cikin ɗakina, na rufa musu tsohon gidan sauro, fanka na kaɗawa duk lokacin da aka kawo wuta. Kullum safe da yamma nakan juya su, gefen da ke ƙasa ya koma sama, in sake bin su da bulowa. A rana ta biyu ma sai da wani ya fitar da ɗan danshi daga mashigin baya. Da rana kuma nakan kai su cikin tsohuwar motar Yaya da ke fake a ƙofar gida, in shimfiɗa kwali a kujerar baya inda rana ba ta dukan su kai tsaye, in ɗan sassauta gilashi don tururin ya samu hanyar fita. Ɗumin cikin mota ya wadatar. Kondensan da ke kan irin waɗannan alluna an rubuta musu digiri 85 ko 105 a jiki, to ba a so a matsa musu da zafi. Handirayar busar da gashi ta uwargida na gwada sau ɗaya daga nesa, ƙa'idata ita ce in hannuna ba zai jure ba, allon ma kada ya sha.

Wani abin da hunturu ke kawowa shi ne wutar nan da ke tartsatsi in ka yaye bargo da dare ko ka taɓa ƙofar mota. Mu tsirarta kawai muke ji, amma tana iya kashe cif ba tare da an ga alama ba. Don haka kafin in taɓa kowane allo sai na dafa ƙarfen taga, ƙafata ba takalmi a kan siminti, kuma ta gefe nake riƙe shi.

Ina cikin jiran nan ne na waiwayi tsohuwar, ta takwas. 486 ce, jinsin furosesan da ya fara fitowa a 1989. Ita ba ta da batir mai kama da kwabo. Nata kamar 'yar ganga yake, mai bolt 3.6, an like shi da dalma a jikin allon, kuma irinsu in sun tsufa yoyo suke yi. Ya zubar da abin cikinsa, duk kewayensa ya yi wani shuɗi-shuɗi kore-kore kamar tsohuwar tukunyar tagulla, har ya bi hanyoyin wuta ya kai gindin mashigin kibod. Abin da ke fita daga irin wannan batir ba asid ba ne, ɗan'uwan kanwa ne mai ƙarfi, don haka maganinsa abu mai tsami. Na datse batirin da filaya, na sayo farin khal, na ɗiga a wurin. Ya yi ta 'yar kumfa, na goga da buroshi, na ƙara, har kumfar ta daina. Khal ɗin ma in ya zauna cin ƙarfe yake, shi ya sa nan take na yi mata cikakken wanka irin na sauran. Da ta bushe na bi hanyoyin da mitar auna wuta ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun yanke. Baba ya ɗinke su da siririyar waya, ya ce hannunsa ya daɗe bai yi aikin da ya ji daɗinsa haka ba.

Sai da suka cika kwana biyar na fara gwaji, kuma ba a cikin kwango ba, a kan kwali bisa tebur. Kafin in ba kowanne wuta na sa mita tsakanin layukan wutar da na ƙasa don in tabbatar babu inda suka haɗe. Na sa sabon batir, na goge tsohon man da ke kan furosesa na shafa sabo ɗan kaɗan kamar ƙwayar shinkafa, na goge zinaren bakin ram da magogin fensir. Dabarar da Baba ya koya mini ita ce in fara kunnawa babu ram. In allon ya yi ta kuka "ƙit, ƙit, ƙit" yana neman ram ɗinsa, to da ransa. Na taɓa allurai biyun makunni da bakin sukundireba. Fanka ta juya, kukan ya tashi. Yaron ya yi tsalle ya fita da gudu yana kiran Hajiya ta zo ta gani.

Uku sun tashi tun a karon farko, har da wanda na tanƙwara wa allurai. Kowanne ya fito da saƙon cewa agogonsa ya ɓace, kwanan watan ya koma can shekarun da aka ƙera shi, na gyara. Biyu sun riƙa kunnuwa suna mutuwa. Wankin ne ya tona asirinsu, don sai da dattin ya tafi na ga kawunan wasu kondensa da ke kewaye da furosesa sun kumbura, maimakon su zama a shafe, wani ma ya fitar da abu ruwan ƙasa ta tsagar da ke kansa. Ciwo ne sananne a kayan da aka ƙera daga wajen 1999 zuwa 2007, kuma ruwa ba ya maganinsa. Baba ya canza su, wasu daga jikin allon da na ƙona ya ciro, yana duba lambar kowanne da gefen da ke da zane kafin ya like. Duka biyun suka daidaita. Ɗaya daga cikin na ɓerayen kuwa bai ko motsa ba. Fitsarin ya cinye hanyoyin wuta a wuri mai faɗin tafin hannu, in ka goga farce sai su bi farcen. Ya yi tsaf kamar sabo, amma gawa ce mai tsabta.

Biyar ke nan cikin bakwai. Hadis uku ne kawai suka amsa, sauran biyun na nemo na hannu. Windows XP ce a kansu, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun Afrilun 2014, don haka ban haɗa su da intanet ba, ba ma buƙata. Koyon kibod da maus da amsa tambayoyin gwaji kawai ake yi a kansu. Suna zaure yanzu a kan dogon benci, yara na zuwa bi da bi bayan la'asar in akwai wuta. Da Yaya ya zo ya gan su sai ya zauna a gaban ɗaya, ya buɗe wata tsohuwar ma'ajiya, ya tarar da jadawalin kuɗin shagonsa na 2011, har da sunayen waɗanda suka ci bashin minti ba su biya ba. Ya daɗe yana karantawa yana dariya shi kaɗai.

Ita 486 ɗin har yau ban san matsayinta ba. Fawa-fak ɗin da ke jikinta ya mutu, kuma nata tsohon tsari ne mai filogi biyu, kowanne da waya shida, waɗanda ake jerawa baƙaƙen wayoyin su haɗu a tsakiya. Kibod ɗinta ma mai babban zagayayyen baki ne mai allura biyar, irin wanda yaran yanzu ba su taɓa gani ba. Na naɗe allon a takarda na sa a saman kwaba. Baba ya ce ya san wani mai tara tsofaffin kayan lantarki a Panteka, mun shirya ranar Asabar mai zuwa zan ɗauke shi a babur mu je mu tona.